Bindigar harbi ɗaya mai sakata: yadda ake haɗa ta, da rabon kafinta a cikin aikin

Tambayar ta zo ne daga wani kafinta a Talata Mafara. Ya ce ya ga bidiyon wasu masu sana'a a Amurka suna sayen uwar bindiga, irin wadda ake danna hannunta ƙasa sai wani ƙarfe ya sauka a zura harsashi guda, su ɗaura mata bututu, su sassaƙa mata ƙota ta katako mai kyau. Yana son sanin yadda aikin yake, dalilin da ya sa ake yabon ƙarfinta, da ko zai yiwu a yi irinta a nan. Ya ƙara da cewa mahaifinsu yana da tsohuwar bindigar farauta mai baki ɗaya, da lasisinta, kuma ƙotarta ta tsage a wuya.

Malam, tunda kai mutumin Mafara ne, ka riga ka san wannan bindigar ba tare da ka taɓa riƙe ta ba. Ka tuna ƙofofin ruwa na magudanan Bakolori: farantin ƙarfe ne da ke hawa da sauka a cikin tsagi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Idan an sauke shi ruwa ya taru a baya, duk nauyin ruwan yana kan bangon tsagin, mai murɗa hannun ƙofar ba ya ɗauke da komai. Haka uwar wannan bindiga take. Dunƙulen ƙarfe ne aka huda masa rami daga sama zuwa ƙasa, a cikin ramin akwai wani tubalin ƙarfe, bari mu kira shi sakata. Ka danna hannun da ke ƙarƙashin kunama, sakata ta sauka, gindin bututu ya buɗe har kana hango haske ta cikinsa. Ka zura harsashi, ka mayar da hannun, sakata ta hau ta toshe bayansa. Idan aka harba, bugun da ke komawa baya yana faɗawa kan sakata, ita kuma ta jingina da kafaɗun uwar gaba ɗaya. Hannun da ka danna aikinsa kawai ɗagawa da saukewa. Sirrin ƙarfinta ke nan: faɗin ƙarfen da ke tare bugun yana da yawa, kuma yana dab da gindin harsashi.

Tana da wata fa'ida kuma. Da yake babu wani ƙarfe mai ja da baya kamar na bindigogin soja, uwar gajeriya ce, sai ka samu bindigar ta fi takwararta gajarta da kusan inci 4 alhali tsawon bututunsu ɗaya. Bahago da badame duk suna amfani da ita daidai. Aibinta a fili yake, harsashi ɗaya take ci, shi ya sa sojojin duniya suka bar ta tun ƙarshen ƙarni na 19, ta koma hannun maharba da masu gasar saiti.

Asalinta ya kai shekara 170 da ɗoriya. Christian Sharps ya yi rajistar tasa a Amurka a 1848, lokacin harsashi na takarda ne, gefen sakatar ma shi ke yanke gindin takardar ya buɗe albarushi. Samfurin Sharps na 1874 shi ne ya yi suna wajen farautar ɓaunar Amurka. John Farquharson, mutumin Sikotland, ya yi rajistar tasa a 1872, George Gibbs na garin Biristol ya riƙa ƙera ta. John Browning ya yi tasa a 1879, kamfanin Winchester ya saye ta ya fitar da ita a matsayin samfurin 1885, iri biyu: mai dogon bango don manyan harsasai, da mai gajeren bango don ƙanana. A zamaninmu wadda ta fi yaɗuwa ita ce Ruger No. 1, da ta shiga kasuwa a 1967, siffarta kuma ta ɗauko ta Farquharson. Mutane kan haɗa su da Martini-Henry da sojan Ingila ya ɗauka a 1871, amma ita sakatarta tana rataye ne da ƙusa ta baya, gabanta kawai ke dunƙusawa. 'Yan uwa ne, ba uwa ɗaya ba.

To, me masu sana'ar da ka gani suke yi? Abu na farko da ya kamata ka lura da shi: ba su ƙera uwar da kansu. Sayenta suke yi daga kamfani mai lasisi, da lambarta a jiki, an yi ta da ƙarfen da aka san sinadarinsa, galibi wanda ake kira 4140 ko 8620, an kuma gasa ta a tanda mai ma'aunin zafi. Wasu kuma tsohuwar bindiga suke samu su cire uwar. A nan ne kuskuren farko yake aukuwa, domin ba kowace tsohuwar uwa ce ke ɗaukar harsashin zamani ba. Wadda aka yi don baƙin albarushi, irin na bindigar toka, an yi ta ne don matsi kaɗan. Tsofaffin bindigogin Amurka irin su Ballard na zubi da Stevens 44 misali ne, masana ba sa ɗora musu komai sai ƙaramin harsashi. Ramin allurar da ke dukan gindin harsashi ma a tsofaffin yana da faɗi, idan matsi ya yi yawa sai hular harsashin ta kumbura ta shige ramin, sakata ta ƙi sauka, ko hular ta fashe iskar wuta ta dawo fuskar mai harbi.

Bari in ba ka adadin, don shi ne zai sa ka gane sauran bayanin. Mai faci yana ba tayar mota iska 32 a ma'auninsa. A wannan ma'aunin dai, harsashin bindigar farauta mai lamba 12, irin ta Baba, yana kai 11,500. Ƙaramin harsashin .22 yana kai 24,000. Tsohon .45-70 na zamanin Sharps 28,000. Shi kuwa .30-06 yana kai 60,000, wato kusan ninki dubu biyu na iskar taya, kuma wannan duka yana faruwa ne tazarar tafin hannu daga idon mutum.

Bututun ma saye ake yi daga masu yin bututu kawai, an riga an huda shi an yi masa tsagi mai murɗawa a ciki, wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa. Yawan murɗin yana bin tsawon harsashi: na .22 zagaye ɗaya a inci 16, na .30-06 zagaye ɗaya a inci 10. Idan murɗin ya yi wa dogon harsashi kaɗan, sai ya riƙa tuntsurawa a iska, ka ga ramin da ya yi a takarda a kwance maimakon zagaye. Aikin mai haɗawa shi ne ya daidaita gindin bututun da uwar a kan injin sassaƙar ƙarfe, ya fafe ɗakin da harsashi zai zauna, ya yi gurbin ƙugiyar da ke fiddo kwanso. Wannan ƙugiyar ita ce ta sa irin wannan bindiga ta fi son harsashi mai leɓe a gindi, don tana samun abin kamawa.

Inda aikin yake da wuya shi ne ratar da ke tsakanin gindin harsashi da fuskar sakata. Ana auna ta da wasu ma'aunai biyu na ƙarfe masu siffar harsashi: ɗaya dole sakata ta rufe a kansa, ɗayan dole ta ƙi rufewa. Bambancin tsawonsu bai wuce kashi 4 zuwa 6 cikin dubu na inci ba, kaurin gashin kai ɗaya ko biyu. Rata ta yi kaɗan, bindiga ba ta rufuwa. Ta yi yawa, kwanson tagulla ya miƙe ya tsinke a gindi, wuta ta fito ta baya. Ido ba ya ganin wannan, yatsa ba ya jin sa, magagari ba ya gyara shi. Bayan an gama kuma sai gwaji. A Ingila doka ta hana sayar da bindigar da ba ta bi ta gidan gwaji ba, akwai na Landan, akwai na Bamingam da aka kafa a 1813. A ƙa'idar ƙasashen Turai ana harba harsashin gwaji mai matsin da ya ɗara na yau da kullum da kashi 25 cikin ɗari, a cikin ɗaki a rufe babu mutum kusa, sannan a duba ƙarfen, a buga masa hatimi.

Wannan ya kawo mu ga ko za a iya yi a nan. Ɓangaren ƙarfe, a'a, kuma ina faɗa maka haka ne da zuciya ɗaya. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, cikinsu har da masu cin harsashin soja irin 7.62 da .303. Akwai na amfanin kai, irin bindigar farauta, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai na ɗuri irin adaka, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana ƙerawa, haɗawa, ko gyaran bindiga sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko ga wanda aka ba izini a rubuce, hukuncin wanda ya saɓa kuma ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Sassan bindiga ma a idon doka bindiga ne, saboda haka yin odar uwar ita kaɗai daga waje shigo da makami ne. Ka kuma san halin da Zamfara ke ciki, babu jami'in da zai tarar da bututu da kunama a shagon kafinta ya tsaya sauraron labarin sha'awa. Ko da babu doka, bututun ruwa da ƙarfen gini da ake harhaɗa harba-ruga da su ba a yi su don ko rubu'in wancan matsin ba. Bututun ruwa yana da ɗinki a tsawonsa, ta nan yake tsagewa, kuma ba lallai a harbin farko ba: ƙarfen yana gajiya a hankali, ranar da zai buɗe hannun hagun mai harbi yana kansa. Mai son aikin ƙarfen bindiga da gaske, hanyarsa ita ce DICON, ma'aikatar ƙera makamai ta gwamnati da ke Kaduna tun 1964, ko sashen makamai na soja da 'yan sanda.

Saura katako, wanda shi ne sana'arka, kuma a wajen masu wannan aikin shi ne ke cin mafi yawan lokaci. Kafin ka taɓa ta Baba, ku je tare da shi da lasisinsa sashen rajistar makamai a hedikwatar 'yan sanda ta Gusau, ku faɗi abin da ya lalace, su nuna muku wanda aka yarda ya kwance ta da inda za a yi aikin. Sauya ƙota gyara ne. Kada bindigar ta kwana a shagonka ba takarda.

Bindigar Baba da wadda ka gani a bidiyo katakonsu iri ɗaya ne, gida biyu: ƙota a baya, da ɗan katakon gaba a ƙarƙashin bututu. Ka fara da duba tsagewar, don mai yiwuwa ba sai an yi sabuwa ba. Idan tsagin ya bi tsawon jijiyar itace kuma bai rabu biyu ba, yana gyaruwa. Matsalar ita ce mai. Shekara da shekaru ana ɗiga wa ƙarfe man inji, ana jingine bindiga a kan gindinta, man yana gangarowa cikin wuyan ƙota har katakon ya yi baƙi ya yi laushi, gam kuwa ba ya kama katako mai mai. Sai an fitar da shi tukuna: a shanya a rana, man ya tsattsafo a goge, a shafa garin alli da aka dama da sinadarin asiton, ya bushe ya tsotso, a kankare, a maimaita har allin ya daina yin rawaya. Yakan ɗauki mako guda ko biyu. Daga nan a buɗe tsagin kaɗan da ɗan tsinke, a tura gam mai haɗi biyu irin Araldite, mai jinkirin bushewa ba na minti biyar ba, a ɗan ɗumama shi don ya kwarara can ciki. A naɗe wuyan tamau da tsinken robar tsohon tub, ya kwana ya wuni. Idan wurin ya yi rauni sosai, a huda daga ciki inda ƙarfe zai rufe, a dasa siririn sandan tagulla mai kaurin milimita 3 da gam, ya ratsa tsagin. Ƙusa da naɗin waya da ake yi a ƙauye suna ƙara buɗe tsagin ne. Wuya dama can shi ne raunin kowace ƙota: wani maharbi ɗan Ingila mai suna Selous, da ya yi farauta a kudancin Afirka da bindigar Gibbs, har farantan ƙarfe aka riƙa manna wa wuyan irin tasa, ana kiran su da sunansa har yau.

Idan ta karye biyu ko man ya cinye ta, sai sabuwa. Turawa da itacen gyaɗar Turai suke yi, wanda ake kira walnat, saboda ba shi da nauyi sosai, ba ya tsagewa da bugu, yana karɓar sassaƙa mai laushi. A itatuwanmu wanda ya fi kusa da shi a wannan aikin maɗaci ne, duk da ya ɗan fi shi nauyi kuma jijiyarsa takan sarƙe, sai da kaifin kayan aiki. Maɗobiya ta fi kowa kyau, amma an yi mata saran da tun 2017 aka sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Idan ka samu tsohon katakonta daga ƙyaure ko gado, ya fi sabon sara ta kowace fuska. Kirya, wadda ake turmi da ita, ta yi nauyi ƙwarai, za ta ja bindigar baya, bakin ya riƙa yawo a hannu. Farin katakon rufi kuwa kada ma ka kalle shi.

Ka yanko guntu mai kaurin inci 2 da rabi, faɗin inci 6, tsawon inci 18 zuwa 20. Abin dubawa ɗaya ne ya fi komai: jijiyar itacen ta bi ta wuya a miƙe, tana bin lanƙwasar wurin riƙo. Ado da murɗe-murɗe su tsaya can baya wajen kafaɗa. Idan jijiya ta ratsa wuya a karkace, ƙotar za ta karye ko da ta yi kyan gani, kuma zai yiwu abin da ya sami ta Baba ke nan. Ka zana siffar a kan leda mai haske, ka riƙa ɗora ta a kan katakon kana juyawa har ka sami inda jijiyar ta dace.

Bushewa ita ce inda gaggawa ke kashe aiki. Ƙa'idar masu katako shekara ɗaya ga kowane inci na kauri, masu ƙotar bindiga kuma sukan bar nasu shekara uku zuwa biyar. Ka toshe bakin guntun biyu da narkakken kakin zuma don kada ya tsattsage, ka ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan 'yan sanduna. Ka riƙa ɗora shi a sikeli duk wata kana rubutawa a jikinsa, idan nauyin ya tsaya wata uku a jere, ya bushe. Yanayinmu yana da nasa sharaɗi: a hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta ta haura 70. Katakon da aka daidaita da ƙarfe a tsakiyar damina zai tsuke da hunturu, ƙota ta fara girgiɗi. Wanda aka matse ƙam a Janairu zai kumbura da damina ya tsage kansa. Saboda haka ka fitar da siffa a gurguje ka bar ƙarin kauri, ka ajiye wata ɗaya ko biyu ya gama motsinsa, ka kammala zaunar da ƙarfe cikinsa wajen Oktoba ko Nuwamba, sannan ka toshe duk cikin da mai kamar yadda za ka yi wa waje.

Zaunar da ƙarfe cikin katako shi ake fara yi, kafin a kammala siffar waje. Yawancin irin waɗannan bindigogi dogon noti ne ke ratsa ƙotar daga gindi ya kama uwar, to ramin wannan notin shi ne farkon aiki, tun katakon yana da kusurwa huɗu. A huda daga ɓangarorin biyu su haɗu a tsakiya, don dogon abin huda yana bin jijiya ya kauce. Idan ramin ya ɗan karkace, sai ka gyara zanenka ya bi ramin, shi ya sa ba a fara sassaƙa ba. Daga nan sai haƙuri. Ka kunna fitilar kananzir ka ɗaga lagwani ta yi hayaƙi, ka gifta ƙarfen a kai ya yi baƙi, ka tura shi cikin katakon a hankali ka fitar. Inda baƙi ya taɓa, nan kaɗai za ka kankare, da ɗan kaifin cizal ko abin kankara, ɓawo kamar na albasa. Ka sake shafa hayaƙi, ka sake gwadawa. Sau hamsin, sau ɗari, ba abin mamaki ba ne. Abin da kake nema shi ne faffaɗar fuskar kan ƙota ta yi baƙi ko'ina daidai, dama da hagu, don nan ne bugun harbi zai sauka. Amma bayan wutsiyoyin ƙarfe biyu, na sama da ƙasa, da ke fitowa daga bayan uwar su shige katako, inda suka ƙare a zagaye, ka bar rata kamar kaurin takarda. Idan suka taɓa katako a nan, kowane harbi zai mayar da su weji, su tsaga wuyan kamar yadda ake faskare. Mafi yawan tsagin da ke farawa daga bayan ƙarfe wannan ne sanadinsa.

Awon jiki kuma na mai bindiga ne, shi ya sa ake cewa an yi ta don mutum ɗaya. Daga kunama zuwa tsakiyar gindin ƙota galibi inci 13 da rabi zuwa 14 ne. Doron da kunci ke kwanciya yana ƙasa da layin saman bututu da kamar inci 1 da rabi, can ƙarshen gindi kuma kamar 2 da rabi. Ga badame akan karkatar da gindin dama da kamar rubu'in inci don ido ya faɗa kan layi. Gwajin mai sauƙi ne: bayan an tabbatar babu harsashi, Baba ya rufe ido ya ɗaga ta kafaɗa, sannan ya buɗe. Idan yana ganin saman bututun da yawa, doron ya yi tsawo, harbinsa zai riƙa tafiya sama. Idan bayan uwar ya tare masa gani, doron ya yi ƙasa. Ka bar babban yatsansa da hancinsa da ratar yatsu biyu, in ba haka ba bugun zai haɗa su. Tunda ya saba da tsohuwar shekaru da yawa, ka auna ta da kyau ka bi ta, sai abin da ya ce yana damunsa.

Katakon gaba ƙarami ne amma yana da rigima, musamman a bindiga mai tsagi. Bututu yana karkarwa idan harsashi na wucewa, duk abin da ya taɓa shi yana sauya karkarwar. Masu Ruger No. 1 sun san wannan sosai: idan katakon gaba yana danna bututu yau da ƙarfi gobe da sauƙi saboda laima ko zafi, harbin sai ya riƙa jeruwa sama da ƙasa. Maganinsa ko dai a raba su sarai har takarda ta wuce tsakani, ko a bar matsi a wuri ɗaya tak wanda ba ya sauyawa. A ta Baba mai watsa ƙwayoyi abin bai kai haka ba, ya isa ya zauna daram ba ya motsi.

Siffar waje ka fi ni saninta, gizago da magagari ne. Ka ja layin tsakiya a sama da ƙasa kada ka bari ya ɓace har ƙarshe, kuma ka bar katako ya ɗara ƙarfe da kaurin farce a duk inda suka haɗu, saboda tsukewar gaba. Sandfefa daga lamba 120 zuwa 180, 220, 320, a naɗe a kan ɗan katako don kada gefuna su mutu. Bayan 220 ka shafa ruwa da tsumma, ya bushe, gashin itacen ya tashi, ka share, sau uku. Wanda ya tsallake wannan, ranar da ruwan sama ya fara taɓa ƙotar za ta yi kaushi kamar harshen sa.

Mai kuwa dafaffen man linsid ne, ana samu wajen masu fenti. Man gyaɗa, man ja da man kaɗanya ba sa bushewa, za su yi ɗanko su yi wari, baƙin mai kuma ruɓar da katako yake yi. Shafin farko a sirka shi rabi da rabi da tafentain ya shiga ciki sosai, har cikin ramin noti da ƙarƙashin farantin gindi, inda ruwa ya fi shiga. Shafi uku ko huɗu na gaba a yi su da sandfefa 400 a jiƙe da man, garin katakon ya haɗu da mai ya cike ƙofofin jijiya. Maɗaci yana da manyan ƙofofi, zai sha da yawa. Daga nan ɗigo uku ko huɗu a tafin hannu, a murza har katakon ya yi ɗumi, a goge saura, a bar shi kwana ɗaya ko biyu. Shafi 15 zuwa 20 kafin ya yi irin ƙyallin nan mai zurfi da ka gani. Idan ka bar man ya yi kauri a kai zai yi ɗanko, sai an kankare an koma baya. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ka rataye ƙotar a cikin kwali a rufe. Tsumman da ka goge linsid da shi kuma kada ka dunƙule shi ka jefa cikin tarin garin katako, yana ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. Ka shanya shi a buɗe ko ka tsoma a ruwa.

Zanen nan mai kama da idon raga da ake yi a wurin riƙo don kada hannu mai gumi ya zame, shi ake yi ƙarshe bayan mai ya bushe. Layuka ne 18 zuwa 24 a inci ɗaya, da wasu 'yan magagarai na musamman, suna gittawa su fitar da lu'ulu'u wanda tsawonsa ya ninka faɗinsa sau uku. A kan maɗaci ka tsaya a 18, fiye da haka kawunan za su marmashe. Layi biyun farko su ne iyaye, idan ɗaya ya karkace duk sauran za su bi shi. Ka koya a kan ƙotar fartanya ko taɓarya tukuna, don a kan abu mai zagaye hannu ke kaucewa.

In an mayar wa Baba bindigarsa, ka roƙe shi abu biyu. Ya rage man da yake zuba wa ƙarfen, ɗigo biyu a tsumma ya wadatar. Ya kuma riƙa ajiye ta a kulle, babu harsashi a ciki, bakinta yana kallon ƙasa a kan ɗan tsumma, don abin da ya rage na mai ya gangara ta bututu maimakon ya koma cikin sabon wuyan. Da shigowar hunturu na farko a sake duba dogon notin nan, za a tarar ya ɗan saki, a ƙara masa rubu'in murɗi.